Ruwa a Rami na Bakwai

Sai a shekarata ta uku ina aikin gyaran filin golf a Doha na ga ruwan sama na gaske. Kafin nan, duk abin da ciyawarmu ke sha daga bututu yake fitowa. Cikin watan Nuwamba ne, zafi ya fara raguwa, iska ta taso daga arewa kwana biyu a jere tana kwasar yashi tana watsa mana kan ciyawa. Muna sharewa tana mayarwa. A rana ta uku aka tsuge da ruwa.

Motar ma'aikata ta ɗauko mu daga unguwar Al Muntazah bayan sallar asuba. Muka tarar da filin ya koma fadama. Shugabanmu, wani ɗan Sudan marar yawan magana, yana tsaye da lema a rami na bakwai, inda ƙasa ta yi kwari. Ruwa ya kwanta kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin, wadda muke askewa kowace safiya.

Ya ce, "Gobe akwai gasa. Idan ruwan nan ya kwana, ba mai buga ƙwallo a nan."

Muka tayar da injin zuƙe ruwa, bai yi nisa ba yashi ya shaƙe shi. Abokin aikina, wani dattijo Basakkwace mai tuƙa motar yankan ciyawa, ya dube ni.

"Ɗana, kai da ka yi noman rani, ina ruwan nan yake son tafiya?"

Na tsuguna na jefa ganye, na bi shi da ido. Gabas ya nufa, wajen tafkin filin, amma wani ɗan tudu ya tare shi.

Na ce, "Baba, sai an yanka ciyawa an yi masa hanya."

Yanka ciyawar wurin har saiwa babban laifi ne, don haka na je na sami shugaba. Ya daɗe yana kallon tudun, sannan ya ce, "Yalla, je ka yi. Amma duk abin da ka ɗaga, ka mayar min da shi."

Muka yanka ciyawar da shebur, muna naɗewa kamar tabarma, muka haƙa siririyar hanya. Ƙasar yashi ce, sau biyu tana ruftawa. Iska ta fizge hulata, yatsuna suka sandare. Baba ya riƙe ƙugu, na ce ya je ya huta, ya ce ba inda za shi. A karo na uku muka jera buhunan yashi a gefe da gefe, hanyar ta tsaya. Ruwan ya fara bi a hankali, sannan ya kama gudu.

Da la'asar, bayan ruwan ya janye, muka cike hanyar, muka shimfiɗa ciyawar, muka bi ta da ƙafa muna dannawa.

Washegari aka yi gasar. Ƙwallon wani mutum ta karkace a daidai inda muka yanka, ya yi tsaki ya wuce. Mako uku na yi ina zuba wa wurin yashi mai laushi da hannuna kafin tabon ya ɓace. Da sanyi ya shigo sosai, aka kawo masu haƙa za su binne bututun magudana, shugaba ya aika a kira ni in nuna musu inda za su bi.