Ruwan da Auta Ya Zubar a Hanyar Tambuwal

Ban iya riƙe alƙalami ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗi ina share hawaye, kuma na ce mata kada ta gyara mini komai.

A shekarar da aka samu mulkin kai aka kawo ni Kebbe daga Jabo. Maigidana a lokacin direba ne, yana jan babbar motar kayan aikin hanya, zamanin Jihar Arewa. A gidan na tarar da ƙaninsa, autan uwarsu, bai ma iya ɗaura wando ba. Ni na yi masa wanka, ni na cire masa ƙaya. Tun daga nan wasan ƙanin miji ya shiga tsakaninmu, yana ce mini matata, ina ce masa raggon miji. Har ya yi gemu ya tara iyali ba mu daina ba. Maigida ne ya koya masa tuƙi. Auta muke ce masa har furfura ta fara fito masa.

Da girma ya kama Maigida, sai ya sayi wata a-kori-kura a hannun wasu masu haƙa rijiyar burtsatse da suka gama aiki za su tashi. Motar tana da abin sanyaya ciki, wanda direbobi ke kira esi. Duk Kebbe ba a san irinta ba. Ranar da babu aiki yakan buɗe bonet a ƙofar gida yana goge-goge, ni ina miƙa masa tsumma. A nan ya nuna mini wani ƙarfe a gefen inji, mai kamar ƙaramin tulu, da bel a wuyansa da bututu biyu. Ya ce wannan ne uwar sanyin. Ya kama hannuna ya ɗora a kan bututu mai kaurin, na ji shi kamar gindin randa, har da raɓa.

Bai daɗe yana morar ta ba ciwon ƙirji ya kama shi. In zafi ya yi yawa numfashinsa sai ya riƙa sarƙewa. Ya kira Auta a gabana ya ba shi makulli. Ya ce ya yi jigilar hatsi da ita tsakanin Kebbe da Tambuwal, abin da ya samu nasa ne da iyalinsa. Abu ɗaya ya roƙe shi.

"Kada ka taɓa min sanyin nan. Ranar da za a ɗauke ni zuwa asibiti, shi nika so."

Auta ya ce, "Haba Yaya, Allah shi kiyaye. Amana ce."

Ranar ta zo a tsakiyar bazara. Da hantsi ciwon ya tashi, ya fi na kullum. Maƙwabcinmu ya ce a bari rana ta karya, a kama hanya da la'asar. Maigida ya ce ba sai an jira ba, motarsa tana da sanyi. Da Auta ya iso, Maigida ya tambaye shi labarin sanyin, "Shina aiki?"

"Kamar randa, Yaya."

Ni kuma, da na saba, na ce, "Raggon miji, ko dai ka sayar da sanyin ka sayi goro?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Matata, ke kika cinye min kuɗin goron ai." Na tuna dariyar ta yi tsawo fiye da maganar, amma hankalina yana kan mara lafiya.

Muka zaunar da Maigida a tsakiya ya jingina da kafaɗata. Na riƙo jarkar ruwa guda a tsakanin ƙafafuna, ina jiƙa gefen mayafina ina shafa masa a fuska da ƙirji.

Muna fita gari Maigida ya ce a ɗaga gilashi a kunna. Auta ya murɗa. Iska ta fito, amma irin wadda ke fitowa daga bakin murhu. Maigida ya ce a ba shi lokaci. Muka yi tafiya gilashi a rufe, gumi yana bin bayana, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Can ya ɗaga yatsa.

"Kashe ka sake kunnawa. Ku yi shiru."

Ya karkata kunne. Ya ce in abin ya kama yakan yi ƙas, muryar inji ta ɗan sauka. Bai ji ko ɗaya ba.

Auta ya ce, "Wataƙila gas ne ya ƙare, Yaya."

"Kai da ka ce kamar randa? Tsaya mu duba fis tukuna."

Muka tsaya a inda babu inuwa sai ta wata sabara. Auta ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya zare fis ɗin hon ya sa a gurbin na esi, kamar yadda wansa ya umarce shi. Aka kunna, babu. Maigida ya ce to bel ne, ko ya tsinke ko ya saki. Auta ya ɗauki sifana ya fita ya ɗaga bonet. Bonet ɗin ya kare shi, ba ma ganinsa, sai ƙarar ƙarfe muke ji, ƙwal, ƙwal. Ya daɗe. Ya dawo yana goge hannu ya ce bel ya yi sako-sako, ya ɗaure shi. Aka kunna, iskar murhun nan dai.

A lokacin leɓen Maigida ya bushe, magana sai ya huta a tsakiyarta. Duk da haka fuskarsa ta ɗan saki, don aikinsa ne ya dawo masa. Ya ce akwai wata raga a gaban lagireto, ƙaiƙayin gero yakan toshe ta in ana jigilar hatsi, sanyi ya ƙi zuwa. A watsa mata ruwa ta wanku.

Auta ya miƙo hannu ta taga. "Matata, kawo jarkar."

Na riƙe ta. Na ce ita ke nan gare mu, kuma akwai sauran tafiya. Maigida ya ce, "Ba shi. In sanyin ya zo, mi za ki yi da tsumma?"

Na ba shi. Ina jin ruwan yana zuba a kan ƙarfe yana cuu, yana gangarowa cikin yashi. Ya dawo mini da jarkar babu nauyi, abin da ya rage bai fi a kurkure baki ba. Aka kunna. Babu.

Maigida ya rufe ido. Ya ce da ni, "Sauka ki taɓa min bututun nan da na nuna miki. In akwai ko ɗan sanyi, sauran mai sauƙi ne."

Auta ya ce da sauri, "Bari ni in taɓa, Yaya, inji da zafi."

"Hannunka ya mutu da ƙarfe. Ita za ta ji."

Na sauka, yashi yana ƙona ni ta cikin takalmi. Na leƙa gefen injin inda tulun yake. Babu shi. Wurin fayau, sai ramukan ƙusoshi da ƙura ta cike. Bututun biyu suna reto, an cusa musu tsumma a baki an ɗaure da roba, tsumman ma ya yi baƙi ya tsufa. Babu bel ɗin da za a ɗaure. Ƙarar da muka riƙa ji, sifana ce kawai Auta yake bugawa a jikin mota.

Ya matso kusa da ni, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce abokansa na tasha ne suka ce abin yana shan mai, yana kuma kashe wa inji ƙarfi in an yi lodi a cikin yashi, kowa cire shi yake yi. Ya ba wani makanike shi, shi kuma ya sa wa motar sifirin na ɗaukar nauyi a bakin kuɗinsa. Ya ce da niyyar mayarwa yake.

"Matar Yaya, ki rufa min asiri. Ki ce babu sanyi kawai."

Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa ce mini matar Yaya ba sai ranar.

Na koma na zauna. Maigida ya ce, "Yaya kika ji?"

Na ce, "Malam, babu abin da za a taɓa. An cire shi tuntuni."

Bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya dubi jarkar da ke ƙafafuna, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "A sauke gilashi. Mu tahi."

Sauran hanyar, iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe tanda. Na ɗiga masa ɗan abin da ya rage a leɓe, na riƙa yi masa fifita da mayafin da ya riga ya bushe. Wani wuri Auta ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Maigida ya juya fuskarsa ya sa a kafaɗata. A haka muka shiga Tambuwal. An karɓe shi a asibiti, an yi abin da za a iya, amma bai ga magariba ba.

Na san ajali ne, ban ce wani ya kashe shi ba. Cire ƙarfen ma da zan iya yafewa, talaka ne mai neman abin da zai kai gida. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, tun a ƙofar gida kalma ɗaya ta ishe shi, da mun jira la'asar. Ya bar wansa yana lissafa masa gyara ɗaya bayan ɗaya da numfashin da ba shi da shi, a tsakiyar rana. Ya karɓi ruwan daga hannuna ya sheƙa a ƙasa, alhali ya san babu abin da yake wankewa. Yaron da na goya.

Bayan na fita takaba ya zo da motar ƙofar gida. Ya samo wani tulun ya mayar. Ya kunna, ya ce in zo in ji, zai kai ni Tambuwal in gaida 'yata da ke aure a can. Na miƙa hannu ta taga. Sanyi ne sosai, kamar randa, yadda ya faɗa da hantsin waccan ranar.

Na janye hannuna na ce ya gaida gida. Washegari na je tasha na hau bayan wata motar hatsi, a kan buhuna, cikin rana. Har yau muna gaisawa in an haɗu a biki ko rasuwa, yana durƙusawa, ina amsawa. Bai sake ce mini matata ba, ni ma raggon miji bai sake fitowa daga bakina ba.