Kusurwar Bargon Inna Warware

Duk layin ba wanda ke kiranta da wani suna sai Inna Warware, kuma ita ta jawo wa kanta. Sana'arta ɗinkin bargo ne, irin wanda ake harhaɗa guntayen yadi, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi shi da ɗinki, sannan a naɗe bakinsa da dogon ƙyalle siriri. Tun da ƙuruciyarta take wannan aiki a ɗakin da ke kallon titi, keke a gindin taga, kwandon guntaye a ƙarƙashin tebur, dutsen guga kullum da ɗuminsa. In aka miƙa mata bargo, ko na wane ne, ba ta kallon adon tsakiya. Kusurwa take kamawa ta murza da yatsu biyu. In ta ji ƙulli ko kumburi, to shi ke nan, sai ka ga reza ta fito, kafin mai bargo ya buɗe baki an farke.

Tata kusurwar kuwa, a faɗi gaskiya, abin kallo ce. Layi ɗaya ne a karkace daga tsini zuwa ciki, gaba da baya, a kwance luf, ba tattara, ba kunne a tsaye. Mijinta, Allah ya jiƙansa, direban motar kaya ne, yakan ce da matar nan za ta samu dama, titin ma sai ta warware shi ta gyara kowace kwana da ke cikinsa. Ita kuma ta ce da an bar ta ta yi, da bai riƙa dawowa da mota a lotse ba.

'Ya'yanta uku. Mazan biyu ba ruwansu da allura. Auta ce kaɗai mace, ita ce ta taso a gindin keke, kuma yarinyar tana da hannu, kowa ya shaida. Sai dai Inna ba ta iya magana a kan aiki ba. Auta za ta naɗe bakin bargo ta tafi makaranta tana murna, ta dawo ta tarar an farke kusurwoyin duka an sake su tsaf, ba wanda ya ce mata uffan. A ganin Inna taimako ne. Haba, wane irin taimako! Ranar da yarinyar ta gaji, ta soke allura a jikin labule ta ce ita da ɗinki har abada. Ta girma, ta yi aure a gari mai nisa, ta kama aiki a kantin magani. Gida sai da dalili take zuwa, kuma ba ta kwana. Wannan rashin kwanan shi ke cin Inna a rai, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Da tsufa ya zo, ta yatsu ya fara. Gaɓoɓin suka kumbura, suka lanƙwashe, har ɓalle maɓalli ya zama aiki. Duk da haka, da ta ji jikarta, 'yar da Auta ta haifa, za ta tafi karatu wani gari mai sanyi, sai ta zazzage kwandon guntaye. A hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ta haɗa bargon. Saura naɗe baki, nan yatsu suka ce ba su san zancen ba. Ta yanka ƙyallen, ta goge, ta ajiye a kan keke, ta zauna tana hararar sa.

A haka Auta ta same ta da hantsi, ta zo karɓa, motar komawa kuma da yamma.

"Inna, ba ki gama ba?"

"Baki ne kawai ya rage."

Auta ta dubi hannuwan da ke kan cinyar uwarta, ta ajiye jaka. "Matsa in gani ko ƙafata ta tuna keke."

Ƙafa ta tuna sarai. Ɗinki ya tafi sumul a gefen farko, Inna na gefe a kan kujera, farin ciki ya cika ta har ba ta son yin motsi. Auta ta kai ƙarshen gefe, ta bi da allura har bakin ƙarshe, ta juya bargon, ta tattaro ƙyallen ta danne, ta wuce. Kusurwa ta fito da ƙulli kamar an ɓoye tsakuwa a ciki.

Wallahi Inna ba ta yi niyya ba. Hannun ne ya tafi da kansa cikin gwangwanin zare, ya lalubo reza. Amma yatsun suka kasa riƙe ta, ta suɓuce ta faɗi a siminti, ƙil.

Keke ya tsaya.

"Har yanzu, Inna?" in ji Auta, ba ta ko waiwayo ba. Ta ɗaga ƙafar keke mai danne yadi ta fara janye bargon. "Bari in tafi da shi haka. Akwai tela kusa da mu, zai ƙarasa."

Tsoro ya kama Inna, tsoro na gaske. Ta san in bargon nan ya fita a haka, Auta ba za ta sake zama a wannan kujera ba. Gyarawa kuma ba hannu. Abin da ya rage mata baki ne, shi kuwa bai saba ba.

"Kin wuce wurin tsayawa," in ji Inna.

"Na me?"

"Ba a kaiwa ƙarshe. Kafin ki kai, ki bar kamar rabin faɗin ɗan yatsanki, daidai faɗin ɗinkin da kike bi. Nan za ki tsaya, ki koma baya kaɗan, ki yanke zare."

Auta ta sunkuya ta ɗauki rezar da kanta, ta farke kusurwar, ta sake bi, ta tsaya inda aka ce.

"To, ɗaga ƙyallen sama, ya miƙe da gefen da za ki bi. Kin ga ya yi layi a karkace? Danne da yatsa. A'a, kar ki ja, ba akuya ba ce. Yanzu dawo da shi ƙasa, ninkin ya yi daidai da bakin sama. Fara ɗinki daga can."

Da Auta ta ɗan yi nisa, sai ta tsaya ta juya ƙyallen zuwa bayan bargo don ta gani. Kusurwa ta kwanta da kanta, layi ɗaya, tsaf. Ta murza ta da yatsu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Inna, wannan ɗan abin? Me ya hana ki gaya mini tun ina yarinya? Ni fa na ɗauka hannuna ne ba ki so."

"Hannunki ya fi nawa tun a lokacin," in ji Inna. "Ni ce hannuna ya fi bakina sauri."

Auta ta yi wata 'yar dariya, ta share hanci da bayan hannu, ta taka keke. Sauran kusurwoyin ba ta nemi taimako ba, sai a ta ƙarshe da Inna ta yi gyaran murya, ita kuma ta ce, "Na gani, Hajiyar kusurwa, na gani."

Rana ta sauka daga taga zuwa ƙafar tebur. Ɗinkin keke ya ƙare, saura a kama bayan da allurar hannu, zagaye guda, aikin da ba a yi masa gaggawa. Inna ta dubi hasken, ta san lokacin mota ya yi. Ta daure ta ce, "Sauran kya ƙarasa a can. Ba wuya."

Auta ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura wajen haske ta zura.

"A can wa zai yi mini gyaran murya?" ta ce. "Katifar ɗakin baya tana nan?"

Inna ta dafa tebur ta miƙe, ta ɗauki tsintsiya da hannu biyu. Ta nufi ɗakin baya tana ta faɗan ƙurar da ta taru a ciki, da ƙarfi, don kada Auta ta ji yadda muryarta ta koma.