Gam Ɗin Bai Bushe Ba

Baba yana da lasifika biyu da suka girme ni, baƙaƙen akwatuna masu nauyin buhun shinkafa. A wata mashaya da aka rufe a unguwar Louis, nan Libreville, ya sayo su, kuma kullum yana bugun ƙirji wai shi ya musuluntar da su. Tun daga nan babu suna ko ɗaurin auren da mutanenmu za su yi a unguwar Nombakélé ba a ɗauko Baba da akwatunansa ba. Shi ke riƙe makirufo, shi ke shelanta sunan jariri. Ya faɗi sunayen 'ya'yan kowa, har waɗanda iyayensu ba sa gaishe shi.

Matsalar Baba ɗaya ce: jikinsa na Libreville, hankalinsa na Maraɗi. A can ƙura ce ke kashe kaya, don haka da an gama biki sai ya naɗe lasifikokin da bargo, ya ɗaure da leda, ya tura bayan gado. A garin da ruwa ke zuba kamar an fasa randa, garin da takalmi ma ke funfuna a cikin akwati! Innarmu ta yi magana har ta gaji. Bayan rasuwarta kuwa sai da aka daɗe bai kwance su ba, domin samari sun koma hayar wasu sababbi masu wuta ja da kore.

Da na haihu ta fari, a gidansa na yi jego. Washegari da safe na ji yana jan kaya a tsakar gida, na leƙa ta taga. Yana kwance ledar, wari ya buge mu, kyankyasai suka watse kamar an tashi kasuwa. Takardar da ke tsakiyar kowace lasifika, wadda ke kaɗawa ta fid da murya, ta yi laushi ta yage. Ya jona, ya ce «Alo, alo», akwatin ya amsa da kukan tsohon akuya. Na yi dariya har cikina ya murɗa, amma da na ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

Mijina, da ladabinsa, ya durƙusa ya ce, «Baba, ku huta. Zan yi hayar sababbi, masu kayan su zo da mai shelarsu.»

«Jikar tawa ta fari?» in ji Baba. «Wani ɗan kartiye, yaron unguwa da bai san kakanta ba, shi zai faɗi sunanta?»

Aka tsaya a kan cewa in akwatunan sun tashi kafin ranar suna, Baba ne zai yi shela. In ba su tashi ba, a kira masu haya.

Sabuwar takarda sai an yi oda, kuma aljihun Baba bai kai nan ba. Sai ya tafi unguwar Awendjé ya ɗauko wani mai gyara, Kirista ɗan Jos, wanda ke kula da kayan sautin cocinsu. Hausarsa ta fi tawa tsabta, kuma mutum ne da ba ya yarda a ce aikinsa na da aibu. Ya dubi akwatunan ya dafe kai. «Alhaji, waɗannan ai ba gyara suke so ba, salla za a yi musu.»

«Kai dai duba, likita ba ya fara da ta'aziyya.»

Mai gyara ya ce guda ta riga mu gidan gaskiya, sai dai a ciri kayanta a ceci 'yar'uwarta. Ya kankare funfuna, ya shanya akwatin duk lokacin da rana ta leƙo, Baba na gadin sama kamar mai shanyar hatsi. Da aka zo liƙe yagar, mai gyara ya ce yana son ƙyalle marar nauyi. Gwaggona ta hana gyalenta, ni ma na ce kada a dubi zanen jaririya. Baba ya shiga ɗaki ya fito da rawaninsa na Idi, ya sa almakashi a jelarsa, ko gezau bai yi ba. Aka shafa gam irin na masu gyaran takalmi, aka manna. Da aka gwada, muryar ta fito tas, har maƙwabciyarmu 'yar Gabon ta leƙo tana tambaya ko siyasa aka fara. Mai gyara ya ɗaga yatsa ya ce, «In ta ƙara rawa, ku daina kirana mai gyara. Kuma Alhaji, bargo na mutane ne.»

Ranar suna Baba ya naɗa guntun rawaninsa ya tsaya gaban tabarmi. Ni ina ɗaki da mata, ina kasa kunne, don na san abin da bai sani ba. Ya yi barkwancinsa, ya tsokani direbobi, ya tsokani 'yan Kano, kowa na dariya. Aka yi addu'a, mijina ya matso ya raɗa masa sunan a kunne. Sunan innarmu ne.

Baba ya ɗaga makirufo. Sannan ya fara, muryar ta karye a tsakiyar sunan, ya sake farawa ta sake karyewa. Lasifikar da aka gyara da kyau ba ta ɓoye komai ba, har jan numfashinsa ta kai bakin titi. Ban taɓa jin kukan Baba ba, ko ranar da aka fita da inna. Na rungume 'yata na yi nawa, tausayinsa ya cika ni.

Da ya samu ya ƙarasa, sai ya juya ya harari akwatin, makirufo na bakinsa. «Kai ɗan Jos! Wane irin gyara ne wannan? Ka ji yadda take rawa?»

Mai gyara yana zaune a gefe da goronsa a hannu. Ya tashi, ya je ya duƙa gaban akwatin, ya shafa inda ya manna rawanin, ya girgiza kai.

«Ka yi haƙuri, Alhaji,» ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. «Laifina ne. Gam ɗin bai bushe ba.»