Dawar ɗaki na sha biyu

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba a aikin gadi, kuma ku da kuka shigo aikin bana gara ku ji ta daga bakina. Wata Alhamis ce a farkon Satumba, ina cikin shekarata ta tara da gadin wani gidan hayar ɗalibai a Dang, kusa da jami'ar Ngaundere. Irin gidajen nan mini-cité ake ce musu: ɗakuna ashirin a jere, rijiya ɗaya, ƙofa ɗaya. Mai gidan wani Alhaji ne dillalin shanu, wanda ya gano cewa ɗalibi ya fi saniya sauƙin kiwo.

Dang da ɗalibai take numfashi. Idan suna gari, mai babur da mai tsire da mai kwafin takardu kowa bakinsa har kunne, ranar Lahadi kuwa bakin tafki ya cika da masu ɗaukar hoto. Da an ba da babban hutu suka hau jirgin ƙasa da motocin Garwa da Marwa, sai garin ya koma kamar gidan biki bayan an watse. A lokacin muke namu aikin. Ɗakin da hayarsa ta ƙare a ƙarshen Agusta, maigadi zai buɗe, ya kai kayan da ya tarar sito, a share a yi fenti. Ragowar abinci kuwa, shinkafa ce ko garin rogo ko manja, rabon maigadi ne. Ba a rubuce yake ba, amma kowa ya sani.

Ɗaki na sha biyu na Fadimatu ne, 'yar wani ɗan kasuwa a Garwa, mai karatun aikin gona. Ta kwashe kayanta tun Yuli. Ranar Talata na buɗe, na tarar da kwali ƙarƙashin gado, cike da ƙananan ambulan arba'in da biyu, kowace da rubutun Faransanci a bayanta da dawa kamar cikin tafin hannu. Na yi dariya, na ce ka ji 'yan boko, har dawa sai an saka mata riga. Na juye su duka a daro ɗaya, na kai wa matata Hajara. Ta fi murna da ambulan ɗin, don ta samu abin ƙulla gyaɗar da take sayarwa.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin fenti, sai ga Fadimatu ta sauka daga babur.

"Baba Sale, ina kwana? Kwalina na zo ɗauka, na ƙarƙashin gado."

"Wane kwali, 'yata?" na ce, alhali na riga na san wane.

"Samfurin binciken mémoire ɗina ne. Muskuwari. Rani biyu ina bin ƙauyukan Kaele ina roƙon tsofaffi irin da suka gada. Kowace ambulan ƙauyenta daban. Wata mai zuwa zan shuka su a gonar gwaji."

Muskuwari ita ce dawar rani, mémoire kuwa littafin da ɗalibi ke rubutawa ya kare a gaban malamai kafin a ba shi digiri. Shaiɗan ya raɗa mini in ce ɓeraye ne. Amma na tuna da safiyar ranar na ji Hajara tana cewa za ta kai niƙa.

Na ce, "'Yata, hau babur ɗin nan, a hanya zan faɗa miki."

A hanya na faɗa mata. An sha ruwa, hanya duk taɓo, mai babur yana lallaɓawa, ni kuwa ina dukan bayansa. Tun daga nesa nake jin ƙarar injin, kowace ƙara sai in ce tamu ce aka zuba.

A gidan niƙa ba mutum ke bin layi ba, daro ne. Mata su jera darukansu su tafi harkarsu. Na hango namu mai tsagaggen baki, saura ɗaya a gabansa. Na faɗa kansa na rungume, mai injin yana ta ihu da Fulatanci wai ɓarawon hatsi. Fadimatu ta durƙusa ta zura hannu cikin dawar. Fara da ja da rawaya duk sun cakuɗe.

"Baba, ko an niƙa ko ba a niƙa ba, duk ɗaya ne. Ta yaya zan san wacce ce ta wane ƙauye?"

Nan ta fashe da kuka, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Hajara ce ta fara cetona. Da muka isa gida ta fito da ambulan ɗin da suka rage, talatin da biyar, bakwai sun riga sun bi masu sayen gyaɗa. Ta buɗe ɗaya ta karkaɗe a faranti, sai ga ƙwaya uku sun faɗo daga lungun takardar. Ashe garajena ya yi rana, ban kakkaɓe su da kyau ba. Ta ce, "Malam, ka kai wa Dada Asta. Idan ita ba ta raba su ba, babu mai rabawa."

Dada Asta tsohuwa ce mai sayar da hatsi a kasuwar Dang, mutuniyar Kaele, ba ta san ko harafi ɗaya ba. Ta ɗauki ƙwaya ta duba, ta ciza, ta ce wannan safrari ce, waccan majeri, kowane irin muskuwari da sunansa. Kwana shida muna zaune a rumfarta da faya-fayan kaba, tana gwada ƙwayoyin kowace ambulan da na daro, mu muna tsincewa. Inda ta yi shakka sai ta ture gefe ta ce ba za ta yi wa yarinya ƙarya ba. Kullum ina jiran kiran Alhaji na sallama, amma Fadimatu ba ta kai ƙarata ba.

An mayar da talatin da biyar gidajensu. Sauran bakwai dawarsu na nan, amma babu sunan ƙauyensu, kuma malaminta ya ce irin da ba a san asalinsa ba ba ya shiga bincike. Ta jira rani ta koma Kaele, ta samo shida. Na bakwai wani tsoho ne kaɗai yake nomansa, ta tarar ya rasu, 'ya'yansa sun koma auduga. Karatunta ya ƙara shekara guda saboda ni.

Ranar da ta kare littafinta ta gayyace ni, na zauna can baya da babbar rigata. Ta haska jadawali a bango, layi arba'in da biyu, ɗaya babu komai a cikinsa. Wani malami ya tambayi dalili, ta ce samfurin ya ɓace wajen ajiya, ta wuce gaba. Duk ɗakin nan ni da ita kaɗai muka san ma'ajin.

To, ku ji. A garin ɗalibai maigadi ba ƙofa kaɗai yake tsaro ba, har da abin da bai gane amfaninsa ba. Tun daga ranar, ko dutse na tarar a ɗakin ɗalibi, sito nake kai shi in rubuta lambar ɗakin a jikinsa. Ragowar abinci kuwa na yafe, ku ma ku yafe. Ƙwayoyin da Dada Asta ta ture gefe suna nan a wata kwalba a ɗakina. Na san irin tsohon nan yana cikinsu, ban dai san wanne ne ba.