Uwar Rumbu da Tambaya Mai Nawa

A wurin aiki Uwar Rumbu suke kiran yayata, don ita ke kula da rumbun bayanai na wani asibiti mai rassa a garuruwa. Ofishinta ɗaki ne marar taga, sai na'urori masu gurnani da sanyi mai shiga ƙashi. Ko garin na tafasa, da rigar sanyi take fita. Inna har yau cewa take yi, "Ita wannan, firji take gadi."

Tun muna yara ba ta iya barin abu a cukurkuɗe. Zare ya harɗe, mu mu jefar, ita ta zauna ta warware. Ga rashin magana. Idan ka ji ta yi dogon bayani, to da kwamfuta take.

A wani reshe mai nisa akwai dattijo mai ba da magani. Ba ta taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai ta sani a waya. Kullum layi ne a tagarsa har bakin ƙofa, don kafin ya miƙa magani sai ya tambayi kwamfuta nawa ya rage a babban sito na hedkwata, ita kuwa ta yi ta juya 'yar da'irarta ta jira. Masu jira suka yi ta ƙorafi. Shugabanni suka ce tsufa ne, nawa ta yi masa yawa, a sallame shi ƙarshen wata.

Ranar da ta ji, ta dawo gida ko abinci ba ta kalla ba.

"Yaya, lafiya?" na tambaye ta.

"Mutumin nan ba shi da nawa," ta ce. "Kafin waya ta yi ƙara biyu ya ɗaga."

Ta bi tambayar tasa daki-daki, daga na'urar reshe zuwa rumbun hedkwata, har ta ga inda ta harɗe. Ashe duk sanda ya tambayi "nawa ya rage", na'urar reshe ba tambayar take aikawa ba. Bayanan siton take kwasowa kaf, ta siririn layin da ya haɗa su, sannan ta zauna ƙirga na magani ɗaya.

Da take yi mini bayani a gida, Inna na gefe tana sauraro, ta ce, "Au, a ce ka leƙo ko akwai gishiri, sai ka ɗauko kantin a ka?"

Yaya ta yi dariya har da hawaye, abin da ba kasafai muke gani ba. Washegari ta sake rubuta tambayar, ta yadda can hedkwata za a tace, a ƙirga, a aiko da amsar kaɗai. Ta kira shugaban sashe, ta danna tsohuwa da sabuwa a gabansa. Tsohuwar ta yi ta juyi, sabuwar ta amsa nan take. Aka janye maganar sallama.

Ina zaune kusa da ita da yamma dattijon ya kira. Na ɗauka godiya zai yi ta zubawa. Sai ga shi da tambaya.

"'Yata," ya ce, "ki gaya mini gaskiya. Ba hannuna ba ne?"

"Ba hannunka ba ne, Baba."

"To ni har na yarda da su fa. Na ma gaya wa iyalina cewa na tsufa."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Yaya ta riƙe wayar da hannu biyu.