Awa Sha Ɗaya Zuwa Wajen 'Yarta

Da asuba Doguwa takan juya mijinta, ta goge masa baya da ruwan ɗumi, ta canza ledar katifa, sannan ta fito ta tari motar ma'aikata. Shekara shida ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Maƙwabciya tana leƙa shi da rana, amma juyi da wanka sai Doguwa.

Tare muke sharar jirgin sama da ita. In jirgi ya sauka minti arba'in ake ba mu: a kwashe shara, a kankare cingam, a ninke barguna, a fita. Shekararta sha huɗu tana shiga jirgi, ba ta taɓa tashi sama ba. Na ranar Talata shi ne mai zuwa garin da 'yarta tilo take aure. Kilomita dubu takwas da ɗari huɗu, haka allon bayan kujera yake nunawa, awa sha ɗaya a sama. In ta goge allon sai ta tsaya tana kallon layin tafiyar da ke kan taswirar.

"Yaya, kallo ba ya rage shi," nakan ce.

"Ke dai ji da cingam ɗinki."

Kamfani yana ba mu tikiti ɗaya a shekara, in an samu kujerar da ba kowa. Nata shida sun wuce a banza. Bana aka ce za a yi wa 'yar aiki a zuciya, likita ya ce gara uwarta tana kusa. Takardun tafiya suka fito. Ƙanen mijin Doguwa ya rantse zai zauna da yayansa kwana biyar. Na san irinsa, bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Mu ba ma tambayar ofis ko akwai kujera, masu loda abinci muke tambaya. Ranar tafiyar suka ce farantan fasinja ɗari biyu da tamanin da shida, kujeru kuwa ɗari biyu da casa'in ne. Doguwa ta zo aiki da jakarta. Niyyarta ta gama shara, ta tuɓe rigar aiki, ta zaga ta ƙofar fasinja.

Muna tsakiyar jirgi wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciyar ce. Ƙanen ya zo, ya ga yadda ake canza leda, ya ce bari ya sayo safar hannu. Awa uku ke nan, wayarsa a kashe.

Na ce, "Yaya, tafi. Ni zan zauna da shi."

"Ke da wannan bayan naki? Bokiti ma da ƙyar kike ɗagawa."

"Zan nemo mai kama mini."

"Ba zai yarda wata ta gan shi haka ba, abinci zai daina ci. Kwana biyu a gefe ɗaya fatarsa ta buɗe. Na gani sau ɗaya, ya ishe ni."

"To ita yarinyar fa?"

"Tana da miji. Shi mijina wa yake da shi?"

Oga ya leƙo daga ƙofa ya ce saura minti tara, hira a gida.

Doguwa ta mayar da wayar aljihu. Ta gama layinta har kujerar ƙarshe, ta shiga nawa ta kwashe abin da na bari. Sannan ta ɗauki buhunan shara biyu, nata da nawa, ta sauka matakala.