Biron da Baba Ya Bari a Teburina

A lokacin ni ce jami'ar kula da ma'aikata a wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke hanyar Maikunkele, ina ji da kaina da digirina. Amma ba digirin ne ya samo mini aikin ba. A wurinmu ba a tambayar takarda, tsohon ma'aikaci ne ke kawo mutum ya ce ya tsaya masa, shi ke nan. Wanda ya tsaya mini wani dattijo ne Kirista ɗan Kudancin Kaduna, maƙwabcinmu a Bosso, mai kula da tukunyar turara shinkafa. Baba muke ce masa.

Sai mai kamfanin ya shigar da mu kasuwar hannun jari. Muka wayi gari da iyayen gidan da ba mu taɓa gani ba. Aka turo wasu masu kwat daga Legas, suka ce in haɗa sunayen marasa takardar makaranta, wai za a ba su horo. Ban tambayi komai ba, ina son a ce na iya aiki. Da mutane suka riƙa noƙewa, ni na je har gaban tukunya na lallashi Baba. Ya ce tunda ni da ya ɗauka kamar 'yarsa ce na faɗa, a fara da sunansa. Ganin haka saura suka biyo baya.

Ashe jerin kora ne. Na roƙi manaja har da kuka, ya ce shi ma yanzu ba shi da ta cewa. Na yi ta kiran Legas, na ce a cire ni a bar Baba, aka ce ba haka tsarin yake ba. Wasiƙun korar suka fita da sa hannuna.

Washegari Baba ya shigo ofis da ambulan ɗinsa yana murmushi, da yake bai iya karatu ba ya ce in karanta masa ranar da za a fara horon, har ya sayi biro. Na karanta masa. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ajiye biron a teburina ya fita.

Har yau zagaye nake yi don kada in bi ta ƙofar gidansa. Na gane cewa yardar da aka ba ni ce na ara wa baƙi suka yi aiki da ita. Ku masu riƙe da sunayen ma'aikata, idan kamfani ya canja hannu, kada ku rubuta sunan kowa sai an faɗa muku a rubuce me za a yi da shi. Biron yana nan cikin jakata, na kasa rubutu da shi, na kasa mayar masa.